Ƙwayar Halitta da Tambayar Mafarin Rai



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin abin da ido ke gani da abin da ya ɓuya ga ido. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan uwa masu bibiyar wannan zaure, mun saba a nan da maganar alwala, da ƙabli da ba'adi, da nisabin zakkar hatsi. Yau zan ɗan karkata, kuma rubutun zai yi tsawo, sai a yi haƙuri. Dalili shi ne wata tambaya da ta yi ta dawo mini cikin watannin nan da fuska biyu. Fuska ta farko daga samarinmu ƴan lise da ƴan jami'a: "Malam, an karantar da mu cewa rai ya fara ne daga sinadarai a cikin ruwa, to ina matsayin abin da kuke faɗa a kan mumbari?" Fuska ta biyu daga iyaye. Har wani dattijo ya nemi in ba shi fatawar cire ɗansa daga lakwal, domin ya ji yaron yana maimaita wannan darasi a tsakar gida. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa yanke hukunci a kan abu reshe ne na fahimtarsa. Saboda haka kafin halal da haram, bari mu dubi abin da ake magana a kansa. Karatuna na allo ne da madarasa. Abin da zan kawo na tattara shi daga littattafan Larabci na ilmin halittu, da zama da likitoci da malaman makaranta da ke salla tare da mu.

Jikin kowane mai rai, daga ciyawa har zuwa raƙumi, an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ake kira ƙwayoyin halitta. Larabawa suna ce wa guda ɗaya khaliyya, kalmar da suke kiran amyar zuma da ita, kuma sunan ya dace, domin gida ne cike da ma'aikata. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya fara siffanta su a 1665, da ya duba ɓawon itace da madubi mai ƙara girma. Bayansa da kamar shekara goma wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Leeuwenhoek, ya goge gilasai da hannunsa ya ga halittu suna iyo a cikin ɗigon ruwa. Tushen ilmin gani da haske kuwa, Ibnul Haisam ya shimfiɗa shi a Alƙahira tun fiye da shekara 600 kafin su.

Ni kaina na taɓa leƙa wannan duniya sau ɗaya. Wata damina masassara ta kama ƙaramar ɗiyata, muka kai ta gidan likita. Mai gwajin jinin yana cikin masu salla bayana. Da ya gama aikinsa sai ya ce, "Liman, zo ka ga mai wahalar da ita." Na sa ido a madubin. Na ga fili cike da wasu faifai ƙanana masu kama da waina, tsakiyarsu ta ɗan kwashe. A cikin wasunsu akwai wani abu kamar zobe mai ɗan dutse. Ya ce faifan su ne jajayen ƙwayoyin jini, zoben kuwa shi ne ƙwayar cutar. Halitta ce mai ƙwaya ɗaya tak, ba ido, ba kunne, ba ƙwaƙwalwa. Amma tana shiga ta bakin macen sauro, ta wuce kai tsaye zuwa hanta ta hayayyafa, ta fito ta shige cikin jan ƙwayar jini inda masu tsaron jiki ba sa ganinta da sauƙi, ta ci abin da ke ciki, bayan kamar kwana biyu ta fasa ɗakin, ƴaƴanta su watsu su nemi wasu ɗakunan. Wani likitan sojan Faransa, Laveran, ya fara ganinta a garin Kusantina na Aljeriya a 1880. Na tsaya ina kallon abin da ya fi kowane sarki kashe ƴaƴanmu, sai an ƙara girmansa sau dubu kafin ya kai ɗigon tawada.

A cikin ɗigon jini mai milimita ɗaya ta kowane gefe, wanda bai kai rabin ƙwayar gero ba, akwai jajayen ƙwayoyi kusan miliyan 5. Kowace tana rayuwa kamar kwana 120 sannan a rushe ta, kuma ɓargon ƙashi yana fitar da sababbi fiye da miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Kafin ka gama tasbihi ɗaya a ruku'u an sabunta miliyoyi. Jimillar ƙwayoyin jikin baligi ta kai wajen miliyar dubu 30, miliyar ɗaya kuwa miliyan dubu ce. Duka sun fito daga ƙwaya ɗaya da ta haɗu a cikin jikin uwa.

Jan ƙwayar jini ma ita ce marar kaya a cikinsu. Ɗauki ta hanta ko ta fata. Tana da ganuwa kamar birni, sai dai siririya ce ƙwarai: sai an jera irinta kamar dubu 10 kafin a kai kaurin takarda ɗaya. A jikin ganuwar akwai ƙofofi, kowace da abin da take bari ya wuce. Akwai wadda aikinta ta fitar da ƙwayoyin wani gishiri uku ta shigo da biyu na wani, dare da rana. Akwai wata a cikin hanji wadda ba ta karɓar gishiri sai tare da sukari, kuma idan sun shiga ruwa ya bi su. Wannan ita ce hikimar ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai zawo. Uwar da ke dama shi tana aiki da wata ƙofa ce da ba ta taɓa gani ba. A ciki kuma akwai gidajen wuta masu juya abinci ya zama ƙarfi. A bangonsu akwai wani inji mai juyawa da gaske, kamar injin niƙa, yana iya zagayawa fiye da sau 100 a daƙiƙa, yana ƙera ƙananan guzurin ƙarfi da ake kira ATP. Abin da jiki ke ƙerawa ya ƙone na wannan guzuri a yini ɗaya ya kusa nauyin mutumin kansa. Masanan da suka bayyana yadda injin ke aiki, Boyer da Walker, an ba su kyautar Nobel a 1997.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, wataƙila don ni ɗan allo ne, shi ne rubutun. A tsakiyar ƙwayar akwai wani zare da ake kira ADN, maƙwabtanmu na Najeriya suna cewa DNA. An gano siffarsa a 1953. Rubutu ne da haruffa huɗu kacal, ana karanta su uku-uku, kamar yadda mafi yawan kalmomin Larabci ke komawa ga asali mai harafi uku. Kowane mutum yana gadon haruffa kusan miliyar 3 daga uba, da kwatankwacinsu daga uwa. Haruffan Alƙur'ani mai girma sun ɗan haura dubu 300. Ina maganar ƙidaya ce kawai, ba daraja ba, domin babu abin da ke kama da zancen Allah; amma da za a rubuta rabon uba kaɗai, zai ci takardar mus'hafi fiye da 9,000. Idan aka miƙe zaren ƙwaya ɗaya ya kai mita biyu, an naɗe shi cikin wurin da ido ba ya gani, kuma ana iya buɗe kowane shafi a lokacin da ake bukatarsa ba tare da ya sarƙe ba. Wanda ya taɓa warware zaren saƙa ya san abin da nake nufi.

Duk lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu sai ta kwafe rubutun nan kaf. Alaramma yakan yi watanni yana rubuta mus'hafi ɗaya, sannan a kai wa gwanaye su duba, su kama inda wasali ya zame. Ƙwayar tana kwafe nata cikin kamar awa takwas, kuma tana da nata masu darasu: wani yana bin mai rubutu a baya yana goge kuskure, wani yana sake dubawa bayan an gama. Abin da ke kuɓucewa bai wuce harafi ɗaya cikin miliyar ba.

To amma harafi ɗaya ba wasa ba ne. Ɗalibin Larabci ya sani, ɗigo ɗaya a kan harafin ra yana mayar da rahama ta koma zahama, wato cunkoso. Rubutun nan umarni ne na ƙera furotin, su ne ma'aikatan jiki. Furotin kamar carbi yake, ana jera shi da duwatsu iri 20, sannan ya naɗe kansa ya ɗauki siffa ta musamman, siffar kuwa ita ce aikinsa. Wanda ke ɗaukar iska a cikin jini, hemogulobin, yana da igiyoyi huɗu, duwatsu 574. A ciwon amosanin jini, wanda muke cewa emasi, wasu su ce sikila, harafi ɗaya ne ya canza, sai dutse na shida a igiyar da ake kira beta ya zama wani daban. Shi ke nan. Ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Duk wanda ya taɓa kwana a kan yaro mai wannan ciwo yana kukan ƙashi ya san nauyin harafin. Wani abin mamaki kuma, wanda ya gaji harafin daga gefe ɗaya kawai, wato AS, yana da kariya daga masassara mai tsanani, shi ya sa ya yawaita a ƙasashenmu na sauro. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin yana sabuwa ne a kowane ciki, ba ya tuna na baya. A nan ilmin ƙwaya ya shigo har cikin zauren ɗaurin aure. Ni dai duk waliyyin da ya zo mini da maganar sa rana ina tambayarsa ko an yi gwajin jini, kuma na fi so a yi shi tun kafin zukata su ƙullu. Gwajin ba ya cikin sharuɗɗan ingancin aure a fikihu, kuma ban mayar da shi sharaɗi ba. Amma kawar da cuta asali ne a shari'a, kuma na yi jana'izar yara da yawa.

Yanzu ga inda tambayar samarinmu take. Rubutun ba ya kwafuwa sai da furotin. Furotin ba ya ƙeruwa sai da rubutun. Su biyun ba sa zama wuri ɗaya sai da ganuwa, ganuwar kuma da ƙofofinta su ne ke gina ta. Dukansu suna bukatar ƙarfi, injin ƙarfin kuma furotin ne da aka rubuta umarninsa a cikin rubutun. To wanne ya riga wanne?

Mutanen da ba su ga wahala a nan ba. Tun daga Aristo, masana sun ɗauka ƙananan halittu suna tasowa da kansu daga ruɓa: tsutsa daga nama, ƙwaro daga hatsi. Mu ma muna yara an ce mana kwaɗi da ruwan sama suke saukowa. Malaman fikihu sun yi magana a kan tsutsar da ke cikin ƴaƴan itace da abinci, suna kiran ta wadda ta haifu daga gare shi. Ibnu Ɗufail na Andalus, wanda ya rasu a 1185, ya kawo a ƙissarsa ta Hayyu bin Yaƙzan zancen halitta da ta taso daga yumɓun da ya daɗe yana tsimuwa. Ku lura da kyau: waɗannan malamai sun yarda rai yana iya fitowa daga abu marar rai a gaban idonsu kullum, kuma wannan bai taɓa tauhidinsu ba ko kaɗan, domin sun san Wanda ke fitarwa. A 1668 wani likitan Italiya, Redi, ya rufe nama da ƙyalle ya nuna cewa idan ƙuda bai sauka ba tsutsa ba ta fitowa. Wajen 1860 Pasteur na Faransa ya tafasa romo a cikin kwalabe masu lanƙwasasshen wuya, iska na shiga amma ƙura ba ta kaiwa, romon ya zauna bai lalace ba. Daga nan aka tabbatar cewa a duniyarmu ta yau kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take. Sai tambayar ta koma can baya: ta farkon fa?

Masana sun ƙiyasta shekarun ƙasa da miliyar 4 da rabi. Suna auna wannan da yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit, domin yana rikiɗa ya koma darma a kan ma'auni sananne, kamar tulu mai ɗiga da ƙa'ida. Ƙasusuwan manyan dabbobin da aka tono a Gadufawa cikin Tenere, waɗanda wasunku suka gani a gidan tarihi na Yamai, shekarunsu kamar miliyan 110 ne, wato na jiya-jiya ne a wannan lissafi. Alamun rai mafi daɗewa da masana suka yi ittifaƙi a kansu suna cikin duwatsun yammacin Ostareliya, shekara kusan miliyar 3 da rabi, kuma na halittu ne masu ƙwaya ɗaya.

Ga abin da aka gwada. A 1924 Oparin na Rasha, sannan Haldane na Ingila a 1929, suka kawo ra'ayin cewa tubalan rai sun taru a ruwan duniyar farko. A 1953 wani ɗalibi a Jami'ar Shikago, Stanley Miller, ya wallafa gwajinsa: ya rufe ruwa da wasu iskoki uku a cikin gilashi, ya riƙa sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Bayan mako ɗaya ruwan ya canza launi, aka sami wasu daga duwatsun carbin nan a ciki. Wannan shi ne hoton da ke cikin littafin ɗanka, kuma gwajin gaskiya ne, an maimaita shi. Daga baya masana ƙasa da yawa suka ce iskar duniyar farko ba lalle ta zama irin wadda ya zuba ba. Amma an sami irin waɗannan duwatsu a wani dutse da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostareliya a 1969, aka kuma same su a ƙurar da kumbon Amurka ya ɗebo daga dutsen Bennu ya dawo da ita a 2023. Ashe tubalan suna samuwa ba tare da mai rai ba. Wannan ya tabbata, kada wani mai wa'azi ya musa shi.

Sai dai wanda ya ga tulin tubali a fili bai ga masallaci ba. A kan matsalar wanne ya riga wanne, an sami wata mafita a shekarun 1980, lokacin da Cech da Altman suka gano cewa RNA, ɗan uwan ADN, yana iya ɗaukar rubutu kuma ya yi aiki irin na furotin, kamar malamin da shi ne littafin kuma shi ne magini. Sai aka ce wataƙila shi ya fara. A 2009 Sutherland da abokan aikinsa a Manchesta suka haɗa biyu daga haruffansa huɗu ta hanyar da za ta iya faruwa a duniyar farko. Wasu kuma sun ce a nemi mafarin a ƙarƙashin teku, wurin maɓuɓɓugan ruwan zafi da aka fara gani a 1977. Wasu sun ce a tafkunan da ke cika su ƙafe. Ɓangarorin nan suna yi wa juna raddi mai zafi, irin wanda muka sani tsakanin malaman Basra da na Kufa. Akwai kuma wata matsala: duwatsun carbin suna zuwa iri biyu kamar hannun dama da na hagu, gwajin gilashi yana ba da su gauraye, amma furotin na masu rai da na hagu kaɗai ake jera shi.

A 2010 jaridu suka yi ta shelar cewa an ƙirƙiri rai a Amurka. Abin da Craig Venter da jama'arsa suka yi shi ne, sun kwafi rubutun wata ƙwayar cuta, suka haɗa shi da sinadarai, suka sa a cikin wata ƙwaya mai rai da ma. Aiki ne babba, amma gidan da ma'aikatan duk aro ne. A 2016 suka yi ta rage rubutun don su ga mafi ƙarancin abin da rai zai tsaya a kansa. Suka tsaya a babi 473, haruffa kusan dubu 531, kuma a lokacin 149 daga babukan nan ba su san aikinsu ba, sai dai akasarinsu idan an cire ƙwayar ta mutu ko ta kasa girma. Har zuwa yau babu wanda ya ɗauki sinadarai marasa rai ya fitar da ƙwaya mai ci, mai girma, mai haihuwa. Haka kuma littafin Darwin na 1859, da ake ta jingina masa komai, bai yi bayanin mafarin rai ba. Maganarsa a kan yadda masu rai ke sauyawa ne bayan sun samu.

Saboda haka, ya kai ɗana ɗalibi, idan wani ya ce maka kimiyya ta gama warware yadda rai ya fara, ya faɗi abin da masu binciken kansu ba su faɗa ba. Ka rubuta a jarrabawa abin da aka karantar da kai, ka san wanne ne gwaji tabbatacce, wanne ne zato mai ƙarfi, wanne ne hasashe. Mu ma a hadisi muna da sahihi da hasan da mai rauni, ba ma zuba su a ƙwarya ɗaya.

Amma maganata mafi nauyi ga ƴan uwana masu wa'azi take. Na ji ana cewa, "Tunda sun kasa, to ga dalilin samuwar Allah." Ina jin tsoron wannan hujja. Wanda ya kafa imaninsa a kan abin da masana suka kasa, ya yi gini a cikin gulbin da ya ƙafe da rani. Idan gobe wani ya haɗa ƙwayar a gilashi fa? Sai yaron da ka rena a kan wannan hujja ya ga kamar an rushe masa addini, alhali kai ka ɗora shi a inda ba a ce ka ɗora ba. Haka masu cewa haɗuwar ƙwaya kamar guguwa ce ta bi ta kan tarkacen ƙarfe ta ƙera mota: ɗalibi mai wayo zai amsa cewa babu masanin da ya ce ta haɗu a tashi ɗaya, suna maganar matakai ne, kuma ya yi gaskiya. A cikin littattafan tauhidi da muka karanta a gaban malamanmu, irin na Shaihu Sanusi, an raba hukunci uku: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Ƙunar wuta, da ƙoshi bayan cin abinci, da tsirowar gero bayan ruwa, duk hukuncin al'ada ne, wato tsarin da Allah Ya gudanar da halittarSa a kai. Yau mun san yadda rana ke ɗaga tururi daga teku, iskar damina ta koro shi daga kudu maso yamma, ya yi sanyi ya zubo. Wa ya daina roƙon ruwa saboda ya san haka? Mun san matakan ɗan tayi mako-mako, har ana ganinsa a na'ura, kuma ba wanda ya ce don haka shi ya halicci ɗansa. Idan an wayi gari an gano hanyar da ƙwayar farko ta bi, an gano sababi ne. Tambayar da ta rage tana nan inda take: wa ya sa wa sinadaran waɗannan ɗabi'u har suka zama masu karɓar rai, kuma me ya sa akwai su maimakon babu? Wannan ba ta shiga gilashi. Ku buɗe Suratul Ankabuti ku karanta aya ta 20 da tafsirinta, za ku ga binciken mafarin halitta abu ne da aka yi umarni da shi. Aya ta 30 ta Suratul Anbiya'i kuma ta danganta kowane mai rai da ruwa. Halittar Annabi Adamu, alaihis salam, babi ne daban wanda nassi ya yi bayaninsa, a can muke tsayawa, kuma gwajin Miller bai ce komai a kansa ba.

Shi ya sa na ce wa dattijon nan kada ya cire ɗansa. Mai gwajin jinin da ya gano ciwon ɗiyata ta wannan aji ya bi. Likitanci da abin da ke kai wa gare shi farilla ce ta kifaya, Imamul Gazali ya ambace shi da suna a cikin Ihya'u. Idan gari ya rasa mai yi, kowa ya ɗauki laifi. Abin da ke kan uba shi ne ya haɗa wa yaron da karatun tauhidi a gaban malami mai haƙuri, wanda ba ya amsa tambaya da tsawa. Yaron da aka ce masa "yi shiru, kafirci ne" ba ya daina tambaya, wurin tambayar kawai yake canzawa, kuma wayar da ke aljihunsa ba ta taɓa cewa ya yi shiru.

Saura abu ɗaya da ke rikita mutane, domin a Hausa kalmar rai tana ɗaukar ma'ana biyu. Akwai rayuwar ƙwaya, wato ci da girma da rabuwa, wadda ciyawa ma tana da ita. Akwai kuma ruhi. Hadisin Ibnu Mas'ud, Allah Ya yarda da shi, ya nuna ana busa ruhi ne bayan matakai uku na kwana arba'in-arba'in, kuma jamhurin malamai sun fahimci kwana 120 ke nan. Alhali ƙwayoyin ɗan tayi suna rabuwa tun ranar farko, zuciyarsa tana fara bugawa cikin mako na huɗu da haɗuwarsa. Ibnul Ƙayyim ya yi wannan bambanci tun ƙarni na takwas na Hijira, ya ce kafin busa ruhi motsin ɗan tayi na girma ne da cin abinci irin na tsiro. Ta ɗaya gefen ma haka ne. Mamacin da muke wa wanka, ruhinsa ya tafi, amma wasu ƙwayoyin fatarsa da na idonsa suna nan da sauran rayuwa na wasu awoyi. Jinin da ɗayanku ya bayar don a ceci mai haihuwa ko yaron da masassara ta shanye, ana ajiye shi a firiji har mako biyar zuwa shida ƙwayoyinsa suna aiki, mai jinin yana kasuwa da ruhinsa cikakke, wanda aka ƙara wa kuma bai karɓi ruhin kowa ba. Duk binciken da na lissafa muku, daga Miller har Venter, a kan rayuwa ta farkon yake. Ruhi kuwa an tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kansa, amsar tana aya ta 85 ta Suratul Isra'i.

Wallahu a'alam.